Gaɓar Fotugal ko hanyar Arewa: wacce ta dace da mai fara tattakin Santiyago?

Ɗan'uwa, ka ce hutun mako biyu zuwa uku gare ka, ba ka taɓa doguwar tafiyar ƙasa ba, kana son kai ziyara kabarin manzo Yakubu, almajirin Yesu, a Santiyago de Kompostela da ke Sifaniya, kuma kana so teku ya kasance a gefenka. Ka tambaya tsakanin hanyar gaɓar Fotugal da hanyar Arewa ta Sifaniya wacce za ka bi. Ni dai ta Fotugal zan ce maka, ga kuma abin da ya sa.

Tsawo ne ya fara raba su. Daga birnin Porto na Fotugal zuwa Santiyago ta bakin teku kilomita 270 ne zuwa 280, wato kwana 12 zuwa 14 ga mai cin kilomita 20 zuwa 25 a yini. Ita kuwa ta Arewa daga Irun take tashi, kan iyakar Faransa, ta bi ta San Sebastian, Bilbao, Santander da Gijon, ta haura kilomita 800. Mako biyar ke nan idan ƙafa ba ta kwantar da mutum ba. Hutunka ba zai ishe ta ba, sai dai ka gutsuri wani yanki.

To, a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Takardar shaidar kammala ziyara, wadda ake kira Kompostela, ana ba wanda ya taka aƙalla kilomita 100 ya shigo birnin, yana ɗauke da ɗan littafin matafiya da aka buga masa hatimi sau biyu kowace rana. Sai mutum ya ce bari ya yi ƙarshen hanyar Arewa kawai. Ai hanyar tana rabuwa da teku tun a Ribadeo, saura kusan kilomita 190, ta kutsa cikin tuddan Galisiya, yankin da Santiyago take. Wanda ya fara daga Baamonde don cika ɗarin nan, shanu da gonaki da daji zai yi ta gani, ko ƙamshin ruwan gishiri ba zai ji ba. Ta Fotugal kuwa tana tare da ruwa har wajen Vigo da Redondela, kuma daga Vigo kusan kilomita 100 ne ya rage. Ke nan fiye da rabin tafiyarka a bakin Atilantika za ka yi shi.

Sai batun ƙasar da za a taka. Kwanakin farko daga Porto shimfiɗaɗɗu ne: Matosinhos, Vila do Conde, Povoa de Varzim, Esposende, galibi a kan titin katako da aka ɗora bisa yashi. Jiki yana samun damar sabawa kafin hawa ya zo bayan Vigo. Amma kada ka zaci sha yanzu magani yanzu ne. Titunan da aka daɓe da ƙananan duwatsu suna cin tafin ƙafa, inuwa ba ta da yawa, kuma a watannin zafi iskar arewa tana dukan fuska tun daga azahar. Hanyar Arewa ita da wahalarta take yi maka maraba. Ranar farko ma sai ka hau dutsen Jaizkibel, makon farko gaba ɗaya a ƙasar Bask hawa da gangara ne, idan aka yi ruwa kuma ga taɓo. Gwiwar da ba ta saba ba a nan take fara kuka. A gaskiya wajen kyau ta Arewa ce kan gaba, duwatsu kore shar suna faɗawa cikin teku, amma wanda ke ɗingishi ba ya ɗaga kai ya kalle su.

Wurin kwana ma akwai bambanci. Masaukan matafiya na hukuma suna da araha, sai dai yawancinsu ba a kama gado tun kafin a iso, wanda ya riga zuwa shi ke samu. A hanyar Arewa wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa, kuma a Yuli da Agusta garuruwan bakin ruwa cike suke da masu hutu, kuɗin ɗaki ya yi tsalle. A ta Fotugal garuruwa sun fi kusa da juna, idan ka gaji kana iya yada zango da wuri. Mayu, Yuni ko Satumba sun fi dacewa a duka biyun, kuma ko yaushe ka je, rigar ruwa dole ce a Galisiya. Ka kuma lura 2027 shekara ce mai tsarki a Santiyago, domin 25 ga Yuli, ranar bikin manzo Yakubu, ya faɗo ranar Lahadi, don haka cinkoso zai ƙaru.

Wasu ƙananan abubuwa game da ta Fotugal: a Caminha za ka ƙetare kogin Minho, iyakar Fotugal da Sifaniya, da kwalekwale zuwa A Guarda, idan babu jirgi ranar sai ka bi kogin zuwa Valença ka haye gada zuwa Tui, amma ka rabu da teku ke nan. Da ka ƙetare, agogo ya ƙara awa ɗaya. Idan kana bukatar bizar Shengen, a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, kuma a wannan tafiyar kwanakin Sifaniya sun fi na Fotugal yawa.

Idan ka nace sai Arewa, tashi daga Gijon, kusan kilomita 350, ka samu mako guda na teku kafin Ribadeo. Ka dai haƙura da ranar farko zuwa Aviles, masana'antu ne dama da hagu.

Ko wacce ka zaɓa, kada nauyin jakarka ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, kuma kada ka zo da sabon takalmi. Fara atisaye tun wata biyu ko uku kafin tafiya, da jakar a bayanka, ka riƙa yin kilomita 15 zuwa 20 kwana biyu a jere, domin rana ta biyu ce ke nuna maka inda takalmi yake cizo.