Wata Uku a Ajin Yoga na Masu Ciwon Maƙoƙo a Ikeja

Ban taɓa zaton za a wayi gari a gan ni zaune a kan tabarmar roba, na toshe kafar hanci ɗaya da babban yatsa, ina ƙirga numfashina ba. A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, sana'ata kuma saro atamfa da leshi daga kasuwar Balogun in kawo wa matan unguwa. Ƙafata ba ta san zama ba, sai da ciwon nan ya zaunar da ni.

Bayan haihuwata ta uku abin ya fara. Gajiyar da barci ba ya warware ta, jin sanyi a garin da kowa ke kukan zafi, gashi na bin mataji, ga ƙiba alhali ba wani cin kirki nake yi ba. Gwaggona da ta zo daga Kano ta kama haɓata ta ɗaga, ta ce, “Ke 'yar nan, wuyanki ya ɗan tasa fa. Allah ya sa ba maƙoƙo ba ne.” Da aka auna jinina sai likita ta zana min abin a takarda: a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ake kira tayirod, ita ke fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. Tawa ta yi sanyi, saboda garkuwar jikina ce da kanta take yaƙar ta. Sunan abin cutar Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayyana ta a 1912. Lambar da ake dubawa, TSH, kamar tsawa ce da ƙwaƙwalwa ke daka wa tayirod: in ta yi kasala sai tsawar ta ƙaru. Yawanci ana son lambar tsakanin 0.4 da 4, tawa ta doshi 12. Aka ɗora ni kan ƙwayar lebotayiroksin, ɗaya kowace safiya.

Na shekara ina sha. Lambar ta sauko, amma ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, yau 7 gobe 6. A nan ne wata Bayarabiya da nake saro leshi a wajenta ta ba ni labarin wani ajin yoga, wato miƙa jiki da saita numfashi, a Ikeja, na mata zalla, wanda aka ware wa masu matsalar tayirod, Laraba da Asabar da safe.

Kafin maganar kuɗi, sai da aka yi maganar addini. Maigida ya ce, “Wannan ba bautar mutanen Indiya ba ce?” Tambayarsa tana kan hanya, domin daga Indiya yoga ta fito, kuma a cikinta akwai abin da asalinsa ibada ne. Akwai jerin motsin da suke kira gaisuwar rana, akwai kuma kalmar “om” da ake ja da murya a farko da ƙarshe. Na tambayi malamin Islamiyyarmu, ya ce, “Hajiya, miƙa jiki da saita numfashi ba laifi, amma duk abin da ya yi kama da bauta ki bar musu kayansu.” Ranar farko na faɗa wa mai koyarwar cewa goshina ba ya taɓa ƙasa sai don Allah, kuma ba zan ja wata kalma ba. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce in yi shiru lokacin da suke nasu, ta kuma musanya min gaisuwar ranar da wasu miƙe-miƙen tsaye. Da doguwar riga da wando da ɗankwali nake yi, ba wadda ta taɓa kallona sau biyu. A wannan kam ta ci yabo.

Numfashin shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi, kuma shi ne wanda na fi rainawa da farko. Ashe shekara da shekaru da saman ƙirji nake numfashi, gajere-gajere, kamar wadda ta biyo danfo da gudu a Oshodi. Mai koyarwar ta sa mu kwanta rigingine, hannu ɗaya a ciki ɗaya a ƙirji, mu shaƙa har cikin ya taso, mu saki a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo: ƙirga huɗu a shiga, shida a fita. Sai na kafar hanci, a toshe dama a shaƙa ta hagu, a toshe hagu a fitar ta dama, a juya. Sai wanda suke kira biramari, a rufe baki a fitar da iska da ƙugi irin na ƙudan zuma, har ki ji ƙasusuwan fuskarki na rawa. Ranar farko dariya ta kusa kashe ni, mata goma sha wani abu a ɗaki ɗaya kamar an taɓo amya. Amma a mako na uku na lura ina yin barci kafin janareton maƙwabta ya mutu, abin da na manta rabona da shi. Likita ta ce ba tsafi ba ne: jan fitar numfashi yana rage saurin bugun zuciya, ya sassauta jijiyoyin da ke riƙe mutum a cikin fargaba. Har a gosulon gadar Third Mainland, da kaya a cinya, nakan yi huɗu da shidana ba wanda ya sani.

Miƙe-miƙen ma sun yi rana. Ciwon nan yana sanƙarar da gaɓoɓi, ni kuwa kafaɗu da ƙugu suka fi damuna, har ruku'u sai na cije. Bayan wata guda na ji sun saki. Ciki ma ya daina ɗaurewa kamar da.

Inda muka raba gari da mai koyarwar shi ne tsayuwar kafaɗa. A kwanta, a ɗaga ƙafafu da ƙugu sama, nauyin jiki ya koma kan kafaɗu, haɓa ta danne ƙirji. Ta ce wannan ce uwar darussan, wai dannewar tana matsa tayirod ta farka ta ci gaba da aiki. Maganar tana da daɗin ji, har na soma saka rai. Da na kai wa likita sai ta ajiye biro ta ce, “Hajiya, tayirod ba lemo ba ce da za a matsa ta fitar da ruwa.” Umarni take karɓa daga ƙwaƙwalwa ta hanyar jini, kuma wadda garkuwar jiki ta riga ta cinye, danna ta da haɓa ba zai mayar da ita ba. Ta kuma ja min kunne cewa mai hawan jini, da mai ciwon wuya, da mai hawan ruwan ido, da wadda maƙoƙonta ya girma, ba su da haɗi da wannan tsayuwar. Ba wanda ya tambaye mu ko ɗaya daga cikin waɗannan ranar da muka biya kuɗi. Takardar da muka cike suna ne da lambar waya kawai.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne haɗa mu da aka yi a tukunya ɗaya. Ciwon tayirod ba iri ɗaya ba ne. Mu namu sanyi ya yi, wasu kuwa nasu gudu yake, irin cutar Girebs: zuciya na dukan tara-tara, hannu na karkarwa, gumi, rama, wani lokaci har ido ya firfito. Akwai wata baiwar Allah 'yar Idi-Araba, ita ce Bahaushiya ta biyu a ajin, irin nata ke nan. Wata Laraba Nepa suka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, aka sa mu wani numfashi mai ƙarfi da ake kira kapalabati, ana fizgar ciki ana feso iska da sauri-sauri. Ban ankara ba sai na ga ta dafe ƙirji ta jingina da bango. Na ce, “Yaya, lafiya?” Ta ce, “Ƙanwata, zuciyar nan za ta fito.” Muka fita da ita baranda muka yi mata fifita. Wadda zafi da bugun zuciya ne ciwonta, me ya kai a sa ta wannan? Ba ta sake dawowa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sai kuma wata magana da mai koyarwar ke yawan sakawa a tsakiyar darasi, cewa wasu ɗalibanta sun kai matsayin da suka ajiye magani. Ba ta taɓa cewa mu daina ba, amma mai jin jiki kunnensa a buɗe yake. Ni kaina na yi kwana biyu ina juya kwalin ƙwayar a hannu ina tunani. Abin da ya tsare ni shi ne ƙwayar nan ba kashe ciwo take yi ba, cike gurbin abin da jikina ya kasa samarwa take yi, kuma in an bar ta ba a ji a ranar, sai bayan makonni gajiyar ta dawo da kayanta.

Ga abin dariyar. A ƙarshen wata na biyu aka sake auna ni, TSH ta faɗo 3 da ɗoriya, karo na farko da ta shiga gida. Na shiga wajen likita ina murna, ina shirin ba yoga lada. Ta ce in faɗa mata yadda safiyata take yanzu. Na ce ina idar da sallar Asuba nake haɗiye ƙwayar da ruwa, in shimfiɗa tabarma in yi numfashi da miƙa na kusan minti 40, tunda an ce ba a yi da cikakken ciki, sannan in haɗa shayi. Ta ce, da fa? Da kuwa da shayin nake kora ta, mai kaurin madara, wani lokaci har da maganin ƙarin jinin da aka ba ni bayan haihuwa. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ita wannan ƙwaya cikin da ba komai take so, a ba ta minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a ci wani abu. Madara na rage shigarta jini, maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kuwa sai an raba su da ita da awa 4. An faɗa min wannan tun farko, na ji da kunne ɗaya. Wato shekara guda ina zubar da rabin maganina a kofin shayi, yoga kuwa abin da ta yi shi ne ta tsare ni a tabarma har ƙwayar ta gama aikinta.

Kuɗin ajin ba na wasa ba ne. Na wata ɗaya ya fi abin da nake kashewa a maganin wata uku, ban da na mota, kuma Agege zuwa Ikeja da ake gani kusa, ranar Laraba sai ya cinye min safiya ɗungurungum, kasuwa ta tafi. A ganina wata ɗaya ya isa a koyi numfashin da miƙe-miƙen a gaban mai gyara wa mutum zama, don akwai kuskuren da ba a gane shi a bidiyon YouTube. Wata na biyu da na uku maimaici na biya wa. Duk wadda za ta je, ta fara sanin wane irin ciwon ne nata, mai sanyi ko mai gudu, ta nuna wa likitarta jerin abin da ake yi a ajin, kuma in aka zo tsayuwar kafaɗa ta zauna abinta ta yi kallo.

Yanzu a ɗaki nake yi, tsakanin gado da buhunan atamfa. Na bar tsayuwar kafaɗa da kapalabati, na riƙe huɗu da shida, da na kafar hanci, da ƙugin zuma. Autana in ya ji na fara sai ya rarrafo ya zauna a cinyata yana nasa ƙugin da yawu. Azumi na tafe, likita ta ce in je kafin a ga wata mu tsara lokacin shan ƙwayar, ko kafin sahur da tazara ko da dare bayan abinci ya faɗa, kuma in an canja lokacin za a sake awo bayan mako 6.