Awon buɗewar jijiya: hannun ma'aikaci ko manhaja?

Tun 1992, lokacin da likita David Celermajer da abokan aikinsa suka bayyana hanyar awon buɗewar jijiyar jini a Landan, gwajin bai sauya sosai ba. Ana ɗaure hannu da madaurin awon hawan jini na minti 5, a sake shi, sannan a duba da na'urar sikanin yadda jijiyar damtse ta buɗe da jini ya kwararo. Lafiyayyar jijiya takan ƙara faɗi kaɗan.

Wannan "kaɗan" ɗin shi ne matsalar. Faɗin jijiyar bai wuce milimita 4 ko makamancin haka ba, ƙarin kuwa ko rabin milimita ba ya cika kaiwa. Mai awo da hannu zai tsayar da hoton, ya ɗora alama a bango biyu na jijiyar, galibi a daƙiƙa ta 60 bayan sakin madaurin. Hannu ya ɗan goce, sakamako ya sauya. Ga shi kuma ba kowa ne jijiyarsa ke kai ƙarshen buɗewa a wannan daƙiƙar ba, musamman tsofaffi. Amfanin awo da hannu dai, ba a sayen manhaja.

Manhaja irin su Brachial Analyzer ko Cardiovascular Suite ta kamfanin Quipu na Italiya tana bin bangon jijiyar hoto bayan hoto, don haka ƙololuwar buɗewar ba ta kuɓuce mata. Ni ita zan zaɓa, musamman a bincike. Sai dai akwai kuɗin lasisi, kuma idan hoton ya yi dishi-dishi ko majinyaci ya motsa, takan kama layin da ba shi ba, sai ma'aikaci ya koma ya gyara mata.