Sati ɗaya a jirgin ruwa da mata zalla, daga Southampton zuwa Falmouth

Tunda na dawo ake ta tambayata a WhatsApp wai da gaske na hau teku, kuma wai ya kamfanin yake, shin ya cancanci kuɗin da aka biya, to bari na rubuta sau ɗaya kowa ta karanta.

Ni dai nas ce a nan Southampton, 'yar Zariya, ruwan da na sani kafin na zo Ingila bai wuce na rafi da na dam ba, ko iyo ban iya ba sai da na zo nan na koya a wurin wankan mata. Abun da ya jawo hankalina shi ne jirgin nan Maiden. Daga garin nan ya tashi a 1989 da Tracy Edwards tana da shekara 26, ta tara mata zalla suka shiga gasar zagaye duniya ta Whitbread a lokacin da maza ke cewa ko zangon farko ba za su gama ba, sai ga shi sun ci zango biyu sun zo na biyu a rukuninsu. Daga baya jirgin ya lalace a Seychelles, aka dawo da shi a 2017 aka gyara, ya dinga yawon duniya yana tara kuɗi dan karatun 'ya'ya mata, sannan a 2024 wasu matan suka sake ɗaukarsa suka ci gasar zagaye duniya ta Ocean Globe gaba ɗaya, babu GPS babu komai sai taswirar takarda da kallon rana da taurari, kuma a cikinsu akwai baƙaƙen fata irina. Wallahi wannan ne ya tsaya min a rai. Shi yasa da na ga wani ƙaramin kamfani yana shirya tafiyar mata zalla a gefen gaɓar Birtaniya, zango-zango, kowa ta zaɓi nata, kuma kuɗin da aka tara na tallafin karatun yara mata ne, ban yi dogon tunani ba na cike fom.

Zangon da na ɗauka daga Southampton ne zuwa Falmouth, sama da mil 150 na teku, kuma mil na teku ya fi na ƙasa tsawo, mita 1,852 ne. Mu takwas ne a jirgin, kyaftin da mataimakiyarta sai mu shida da muka biya. Jirgi ne mai tafiya da iska, akwai inji amma sai za a shiga tasha ko iska ta ɗauke ake kunna shi.

Abun da zan fara yabawa kyaftin ɗin ce. Kafin a kwance igiya ko ɗaya sai da ta zaunar da mu kusan awa biyu, ta sa kowa ta saka rigar kariya ta ɗaure da kanta ta kwance ta sake ɗaurewa, ta nuna mana igiyar da ake maƙale mutum da jirgi idan dare ya yi ko teku ya tashi, ta nuna rediyon jirgi da tasha ta 16 da ake kiran agaji, har ta sa ni na riƙe na faɗi kalmomin da bakina. Ina saka rigar nan tunanin mutanenmu na Kebbi da Neja ya zo min, yanda kwale-kwale ke kifewa da mutane a hanyar kasuwa ko biki babu mai rigar nan ko ɗaya, sai da na ji ƙwalla. Umma ma abun da take ta faɗa min a waya ke nan, ruwa ba sa'an kwando ba ne, na ɗauki hoton rigar na tura mata sannan hankalinta ya ɗan kwanta.

Kuma fa ba yawon shan iska ba ne, aiki ake yi. An raba mu gida biyu ana duti, ke ce jan igiya, ke ce riƙe sitiyari, ke ce girki da wanke-wanke. Da muka fita ta Needles, duwatsun nan farare na ƙarshen tsibirin Wight, nan na gane cewa tafiya yamma a wannan ruwan gaba da gaba ake yi da iska, tunda yawanci daga kudu maso yamma take busowa, dan haka jirgi ba ya miƙewa sai dai a yi ta karkace-karkace, dama hagu dama hagu, kuma a karkace yake tafiya gefe ɗaya kusan na taɓa ruwa. Kullum sai mun saurari hasashen yanayin teku na BBC Radio 4, ana kiran Wight, Portland, Plymouth, kyaftin na rubutawa a littafi. Wajen Portland Bill kuwa kwana muka yi a Weymouth muna jiran lokaci, saboda ruwan wurin idan yana cikowa ko janyewa haɗuwa yake yi ya dinga tafasa kamar tukunya, dole a lissafa awar da za a wuce, ta zaunar da mu ta nuna mana lissafin a jadawali har na fahimta, asuba ta fari muka tashi muka wuce kusa da hasumiyar nan mai ja da fari lafiya lau. Irin wannan koyarwar ita ce ta biya ni kuɗina.

Maganar addini wadda nasan ita ce ke hana da yawanmu. Kasancewar mata ne zalla ya sauƙaƙa komai, a cikin jirgi ina sakewa yanda nake so, sai mun kusa tasha nake gyara hijabina, kuma ƙaramin hijabi na wasanni na saka dan mai faɗi haɗari ne kusa da na'urar naɗe igiya. Alƙibla ba wahala tunda ga kamfas a gabanki, kudu maso gabas ne daga nan. Kasaru na dinga yi ina haɗa salloli, ranar da teku ya tashi a zaune na yi. Mataimakiyar kyaftin da kanta ta tambaye ni lokutan sallah ta gyara min dutina, ban roƙa ba.

To yanzu inda suka gaza, kuma raina ya ɓaci sosai. A fom ɗin na rubuta ƙarara cewa halal nake ci, na sake tura imel aka ce an gani, amma da muka buɗe kayan abincin da ofis ya siyo rabinsa naman alade ne da tsiran Turawa, babu wanda ya gaya wa kyaftin. Kwana biyu ina kan burodi da ƙwai da kifin gwangwani sai da muka sauka Weymouth ta shiga kanti da kuɗinta ta siyo min kifi da kayan lambu. Laifin ofis ne ba nata ba. Allah ya taimake ni na taho da yajina da garin kunu.

Na biyu, takardar da suka turo ta kayan da za a taho da su ba ta faɗi gaskiyar sanyi ba. Watan Yuni ne amma da dare a tsakiyar ruwa sanyin ya fi na hunturun Jos, rigar ruwan da suka ba ni aro kuma ta yi min yawa tana yoyo ta wuya. Jiri da amai ma a layi ɗaya suka ambata, alhali ranar da muka tsallaka Lyme Bay zuwa Dartmouth, wuni guda ba a ganin ƙasa sosai, mu huɗu ne muka kwanta. A matsayina na nas shawarata ki ga likita ko mai kemis kafin tafiya, ki sha maganin tun kafin a tashi ba sai zuciya ta fara tashi ba, ki zauna a waje kina kallon nesa, riƙe sitiyari ma na taimakawa sosai. Banɗakin ɗan ƙarami ne na famfon hannu, wanka sai an shiga tasha, ki san da wannan.

Wanda ya fi damuna shi ne kuɗin sadakar. Kuɗin kujera daban, wanda muka tara daga 'yan uwa da abokan aiki daban, wannan na biyun kai tsaye ya tafi asusun ƙungiyar da ke tallafa wa karatun yaran mata kuma na ga shaida. Amma a tallarsu sun ce wani kaso na kuɗin kujerar ma yana zuwa can, na tambaya nawa ne, sau biyu, amsar dai ɗaya ce wai sai ƙarshen shekara ake lissafi. Ni mutane sun ba ni amanar kuɗinsu saboda sun san ƙauyukanmu cike suke da yara mata da aka cire daga makaranta, dan haka ina da haƙƙin sanin adadi. Duk wadda za ta je ta nemi a rubuta mata wannan kafin ta biya.

Duk da haka zan ba su huɗu cikin biyar, kuma ukun na kyaftin ne da mataimakiyarta. Da muka wuce Plymouth kifayen dolfin suka biyo mu suna tsalle a gaban jirgi, ni ce a kan sitiyari, wata dattijuwa 'yar shekara sittin da wani abu da muke duti tare ta riƙe kafaɗata muna ta ihu. Da yamma muka shiga Falmouth, hannuna duk kanta, na kira Umma ta bidiyo na nuna mata tashar. Akwai zangon Scotland baɗi ta mashigin Caledonian da tafkin Loch Ness, ina so na je, na tura masu imel na uku kan maganar kason nan da ta abinci, in sun amsa a rubuce zan biya.