Dragon Quest, Final Fantasy ko Persona, wanne za ka fara saya?

Ɗan uwa da ka ce kana son gem ɗin faɗan bi-da-bi, wato wanda kai da abokin gaba kowa ke jiran layinsa kafin ya kai hari, amma ka rasa na ɗauka tsakanin Final Fantasy da Dragon Quest da Persona, ba zan ja ka da nisa ba, ka ɗauki Dragon Quest XI S. Ka riƙe S ɗin nan na ƙarshe a ranka, zan dawo kansa.

Ni shi ne nake da shi, kuma wallahi har yanzu in na rasa abin bugawa shi nake komawa. Farkon da na fara na ɗan raina shi, don dodannin ma murmushi suke maka, ga wani shuɗin abu kamar ɗigon ruwa wai shi Slime yana ta tsalle a ciyawa, na ce kai wannan ai na yara ne. Ashe ni ne yaron. Na kai wajen awa 10 ina bugawa ban san cewa abokan tafiyata kansu suke tuƙawa ba, ni jarumin kawai nake ba umarni su kuma kowa na yin abin da ya ga dama, sai da wani bos, wato babban dodo, ya lallasa ni sau uku a jere sannan ƙanina da ke zaune yana kallo ya ce yaya ka shiga wajen dabaru mana ka mai da su hannunka. Ina mayarwa gem ɗin ya zama wani abu daban. A cikin abokan tafiyar, Serena ta fara ɗaga mana kariya tun zagayen farko, Veronica ta rage wa bos ɗin tauri, Erik ya sa masa guba, ni kuma in zauna in lissafa ko jinin da ya rage min zai iya ɗaukar duka ɗaya ko sai na warke tukuna. Ba mai hanzarta ka. Ka ajiye hannun gem ɗin ka tashi ka dawo, dodon na nan tsaye yana jiranka.

Sai kuma maganar Metal Slime, wanda duk mai buga Dragon Quest ya san ciwonsa. Ɗan mitsitsi ne, jininsa kaɗan, amma jikinsa ƙarfe, ka kai masa sara ka cire masa 1 ko ka kuskure, kafin ka ƙifta ido ya arce, alhali in ka kashe shi lebul ɗinka sai ya yi tsalle. Akwai daren da muka yi ta zagaye wuri ɗaya ni da ƙanin nan muna farautarsa, sai da Jade, wata abokiyar tafiyar jarumin, ta sa dabarar mashinta, irin wadda ko ta gama da shi a bugu ɗaya ko ta soki iska, ta same shi, muka yi ihun da ya sa aka leƙo ana tambayar lafiya.

Abin da ya sa nake tura sabon shiga can shi ne jerin nan bai taɓa sauya hali ba. Tun 1986 da na farko ya fito a Japan, Yuji Horii ne ke jan ragamarsa, zanen mutane da dodanni kuma na marigayi Akira Toriyama ne wanda ya rasu a 2024, kuma har zuwa na 11 tsarin bai canja ba, ka zaɓi umarni, kowa ya jira layinsa. In ka cire na 10 da yake na intanet ne, duk lambar da ka ɗauka ka san abin da ka saya. Ba wai ba shi da aibi ba fa, labarin a miƙe yake, jarumi da mugun sarkin duhu, farkonsa yana jan ƙafa, kiɗan fili kuma za ka ji shi har ya gundure ka. Amma akwai wajen ƙara saurin faɗa, dodanni kana ganinsu a fili in ba ka son faɗa ka kauce, kuma in sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suka fara hawa allo kada ka ce ka gama, akwai babban kaso a gaba.

Final Fantasy kuwa, hmm. Nan na yi cizon yatsa, kuma laifina ne don ban bincika ba. Na buga na 10 da daɗewa na ji daɗinsa, sai na ga XV, wato na 15, na ce ai suna ɗaya ne, na saya ido rufe. Ina kunnawa sai ga samari huɗu a mota, faɗan kuma ka danne maɓalli ka riƙe yaron ya yi ta sara. Yana da kyan kallo, iyakar abin da zan ce ke nan. Matsalar jerin ga mai neman bi-da-bi ita ce kowace lamba da irin faɗanta. Na 1 zuwa na 3 bi-da-bi ne zalla. Daga na 4 da ya fito a 1991 har na 9 suka koma wani tsari mai ma'aunin lokaci da ke cika, in ka tsaya dogon tunani abokin gaba zai iya dukanka, duk da akwai saitin da ke sa lokacin ya tsaya in ka shiga zaɓen sihiri ko kaya. Na 10, na 2001, shi ne ya dawo da jira na gaskiya, har jerin wanda zai yi bugu na gaba kana gani a gefen allo, kana iya sauya mutum a tsakiyar faɗa. Na 11 da na 14 na intanet ne. XV na 2016 da XVI na 2023 faɗan hannu ne kai tsaye, sabon VII da aka sake yi a 2020 shi ma gauraye ne. Toh in dai sai Final Fantasy ranka ke so, ka nemi na 10 ɗin da aka gyara, ko Pixel Remaster mai na 1 zuwa na 6. Ba sai ka bi lamba ba, kowanne labarinsa daban da mutanensa. Abin dariyar ma kamfani ɗaya ne ke da Final Fantasy da Dragon Quest duka biyun yanzu, tunda Square da Enix sun haɗe a 2003.

Persona 5 Royal shi ne na biyu a wajena, kuma in gaskiya za a bi faɗansa ya fi na Dragon Quest zafi. Ka gano raunin abokin gaba, misali wuta ko ƙanƙara, ka buga masa ya faɗi a ba ka ƙarin bugu, ka miƙa wa ɗan uwanka shi ma ya kayar da nasa, in duk sun zube ku taru musu gaba ɗaya. Daɗi kam akwai. Amma rabin gem ɗin ba faɗa ba ne, ɗalibin sakandare ne kai a Tokyo, kana bin kalanda rana bayan rana, zuwa aji, jarrabawa, hira da abokai, wani lokacin sai ka yi awa guda kana karanta surutu ba ka daki kowa ba. Zai ci maka wajen awa 100, kuma in jarumin ya mutu shi ke nan wasa ya ƙare ko da sauran na tsaye. Sannan na manya ne, tun babin farko akwai maganar cin zarafin ɗalibai, ba wanda za ka kunna yara na zaune ba ne. In kana da lokaci kuma Turanci mai yawa ba ya gajiyar da kai, ka sa shi a layi bayan ka gama wancan.

Pokémon ba ka tambaya ba amma na san wani zai kawo shi. Tun 1996 yake, halittunsa sun haura 1000 yanzu, sauƙin shiga gare shi, sai dai manyan wasanninsa a na'urar Nintendo kawai suke, kuma labarin ba wani nauyi.

Yanzu maganar S ɗin, da masu sayarwa marasa tsoron Allah. Dragon Quest XI na asali daban, XI S daban, na S ɗin ne ke da ƙarin labarin abokan tafiya, da kiɗan makaɗa na gaske, da damar juya gem ɗin ya koma irin zanen da. Haka Persona 5 daban, Royal daban, kuma sebin ɗin tsohon, wato ajiyar inda ka tsaya, ba ya wucewa zuwa sabon. Wani zai sa hoton sabon a talla ya aiko maka da tsohon, ko ya ba ka Persona 5 Strikers ya ce ai duk ɗaya ne, alhali shi faɗan hannu ne. Kada ka yi cinikin biri a sama, ka ce ya ɗauko hoton faifan kansa ba kwalin ba, ka kuma tambayi na wane yanki ne, don wasu faifan Japan babu Turanci a ciki ko kaɗan. Masu cewa za su sayar maka da akawun mai cike da gem a araha su ne suka fi ban haushi, na taɓa faɗawa, sati biyu mutumin ya sauya fasuwod ya daina ɗaga waya. Tsofaffin kaset ɗin Pokémon na Game Boy Advance da DS ma jabunsu sun yi yawa, za ka yi nisa wata rana ka kunna ka tarar sebin ya goge.

XI S yana da na gwaji kyauta, mai tsawo sosai, zai kai ka wajen awa 10, kuma in ka sayi cikakken daga inda ka tsaya za ka ɗora. Ka sauke shi yau, kuma da zarar Erik ya shigo tafiyar ka shiga wajen dabaru ka mai da shi hannunka, kada ka yi irin tawa.