Yini guda a Xi'an: gidan tarihin Shaanxi da abincin unguwar Musulmi

Xi'an, wanda ake furtawa Shi-an, shi ne babban birnin lardin Shaanxi na ƙasar Sin. Da sunansa na da, Chang'an, nan ce fadar daular Tang daga shekarar 618 zuwa 907, kuma daga nan ayarin fataken siliki ke ɗaura kaya su nufi yamma. Ga baƙo Musulmi birnin yana da abin da biranen Sin da yawa ba su da shi: abincin da garin ya yi suna da shi, da yawansa na Hui ne, Musulmi 'yan asalin Sin, wato halal ne tun asali. Wanda ya saba da Guangzhou ya san yadda a can mutum ke maƙalewa a 'yan shagunan da ya yarda da su. A Xi'an unguwa guda ce sukutum za ka ci ka sha cikin kwanciyar hankali. Yini ɗaya ya isa a haɗa abincin da babban gidan tarihin lardin, amma fa sai an tsara shi tun kafin a iso.

Abin da ya fi lalata wa mutane wannan yini shi ne tikitin gidan tarihi. Shiga manyan zaurukan kyauta ne, sai dai dole a yi rajista ta shafin gidan a manhajar waya ta WeChat da suna da lambar fasfo, kuma ana sakin guraben ne 'yan kwanaki kafin ranar. Lokacin hutun makarantu na Yuli da Agusta, da makon farko na Oktoba, da farkon Mayu, guraben kan ƙare cikin 'yan mintuna. A rubuta suna daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, domin da fasfon za a tantance ka a ƙofa, hotonsa a waya ba ya wadatarwa. Ranar Litinin a al'ada gidan a rufe yake. Haka kuma a lura cewa a 2024 an buɗe masa reshe na daulolin Qin da Han can wajen gari. Wanda ake nufi a nan shi ne tsohon ginin da ke kusa da tashar Xiaozhai, kada ka yi rajistar wancan ka zo wannan.

Kafin a fita daga masauki a tabbatar manhajar biyan kuɗi ta Alipay ko WeChat Pay tana aiki da katin da aka ɗaura mata. Mai sayar da abincin yuan goma ma lambar biya yake nuna maka, kuma ko ya karɓi takardar yuan ɗari ba lallai ya sami canji ba. Taswirar Google ba abin dogaro ba ce a can. Taswirar Amap ake amfani da ita.

Karin kumallo a fara shi da ƙarfe bakwai a titin Sajinqiao, wanda ke da tasha a layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Nan 'yan gari ke ci. Abin da za a nema shi ne rouwan hulatang, wata miya mai kauri da ake zuba wa ƙananan dunƙulen naman sa, da dankalin Turawa, da kabeji, da karas, a tsuma ta da yaji mai ɗan daskarar da harshe. Ana ba da ita da gurasa mai tauri wadda za ka gutsuttsura a ciki, a yarfa man barkono a sama. Da cokali ake sha, kuma a sha da zafinta, don in ta huce kaurin yakan saki ta zama ruwa-ruwa. Miyar safe ce, kafin hantsi ya dubi ludayi tukwanen kirki sun ƙare. Wanda cikinsa ba ya ɗaukar yaji da sassafe ya nemi zenggao, shinkafa mai danƙo da aka turara hawa-hawa da jan dabinon Sin da wake. Dabinon nan ba irin na Makka ba ne, ɗan'uwan magarya ne, sai dai ya fi ta girma da zaƙi. Ƙaramin kwano ya isa, yana da nauyi a ciki.

Daga Sajinqiao tasha ɗaya ce zuwa Beidajie, a sauya zuwa layi na 2 mai zuwa kudu, tasha biyar a sauka Xiaozhai, sannan tafiyar kamar minti goma a ƙasa ta gabas. A kowace tasha ana saka jaka a na'urar bincike, saboda haka a ƙara lokacin wannan a lissafi.

An buɗe ginin gidan tarihin a 1991, da fasalin gidajen sarautar Tang, rufi mai faɗi da launin toka. Zauruka uku ne aka jera bisa zamani: na farko daga mutanen da har daulolin Zhou da Qin, na biyu Han da ƙarnonin da suka biyo ta, na uku Sui da Tang zuwa gaba. Kusan kowa daga na farko yake farawa, jagororin yawon buɗe ido da tutocinsu su ma nan suke tara jama'arsu, sai mutum ya ƙarar da ƙarfinsa kan tukwanen tagulla, ya iso wurin Tang ƙafa ta gaji. Shawarata a juya tsarin. A haye zaure na uku tun da sauran sarari, a dawo baya daga bisani.

A can ne raƙumin nan na yumɓu mai launi uku yake, wanda aka tono a 1959, ɗauke da makaɗa bakwai zaune da kayan kiɗansu, mawaƙiya tana tsaye a tsakiyarsu. Ba shi da girma, a hoto ya fi cika ido, amma a tsaya a dubi hannun kowane makaɗi da abin da ya riƙe. Akwai kuma mutum-mutumin fatake masu gemu da dogon hanci da hula mai tsini, mutanen tsakiyar Asiya da suka cika kasuwar yamma ta Chang'an. Duk wanda ya san tarihin ayarin da ke ratsa hamada zuwa Kano da Agadas zai gane yanayin nan da nan: gari ne da fatauci ya cika da baƙi.

Abin da ya fi cancantar lokaci shi ne taskar Hejiacun, mai sunan ƙauyen da aka tono ta, wadda ke da zaurenta na daban. A Oktoban 1970 ma'aikatan gini suka ci karo da manyan tuluna biyu na yumɓu da wata tukunyar azurfa, maƙare da kaya sama da 1,000 na zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja. Biyu daga ciki an hana fitar da su daga ƙasar ko don baje koli. Na farko ƙoƙon sha ne da aka sassaƙa daga dutsen aƙiƙ mai jirwayen ja da fari, da siffar ƙaho, ƙarshensa kan dabba, bakinta an toshe da murfin zinariya. Wannan salon ƙoƙo na ƙasashen yamma ne irin su Farisa, ba na Sin ba. Na biyu butar azurfa ce da aka ƙera ta kwaikwayi salkar makiyaya, a jikinta doki ya durƙusa da ƙoƙo a baki. Dawakin sarki Xuanzong ne da ake horarwa su yi rawa a bikin haihuwarsa, kafin tawayen An Lushan na 755 ya watsa fadar. A cikin taskar har da tsabar kuɗin Farisa da na Rumawa da na Japan. Gilashin da ƙoƙon aƙiƙ ɗin yake ciki kullum a kewaye yake da mutane. Kada a tsaya a baya ana jiran sarari, a bi layin da ke zagayawa, shi ya fi sauri.

A zaure na biyu kada a wuce hatimin sarauniyar Han, ɗan ƙaramin farin dutse da wani ɗan makaranta ya tsinta a 1968. Zauren zanen bangon kaburburan Tang da tikitin daban ne, mai tsada sosai, ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma shi ne wuri mafi shiru a gidan. Mai sha'awar zane ba zai yi nadama ba, amma mai yini ɗaya kacal zai iya barinsa. Bayanin Ingilishi da ke jikin kayayyakin gajere ne, sau da yawa suna da zamani da inda aka tono kawai, don haka na'urar bayani ta haya tana da amfani. Awa uku sun isa. Wanda bai sami gurbi ba ya sauka a Nanshaomen ya shiga gidan tarihin birnin Xi'an da ke harabar ƙaramar hasumiyar Xiaoyanta. Shi ma kyauta ne, ya fi sakewa, Talata yake rufewa, sai dai kayansa ba su kai na lardi ba.

Kada a ci abincin rana a kewayen gidan tarihin sai an ga alama. Wannan muhimmi ne. Roujiamo, gurasar da ake tsagawa a cusa nama, da ake tallarta ko'ina a matsayin abincin Xi'an, asalinta da naman alade ake yi. Ta Musulmi ita ce ta naman sa da aka jiƙa da gishiri aka dafa, la niurou jiamo. Hulutou ya yi kama da paomo, wato gurasar da ake marmasawa a romon nama, a kwano, amma hanjin alade ne. Taliyar biangbiang mai faɗin ɗamara ma a shagunan da ba na Musulmi ba akan zuba mata soyayyen alade. Alamar da za a nema haruffa biyu ne, 清真, ana karanta su qingzhen. A ajiye hotonsu a waya, domin a shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa.

A koma layi na 2 zuwa Zhonglou, a wuce hasumiyar ganga da aka gina a 1380, a shiga lungun Huajue mai cike da 'yan tsaraba har ƙofar Babban Masallaci. Ƙasar Sin agogo ɗaya take bi, na Beijing, shi ya sa a Xi'an rana ba ta karkata sai tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe ɗaya. Masallacin ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, amma ginin da ake gani na zamanin Ming da Qing ne. Babu ƙubba, babu doguwar hasumiya. Farfajiya ce bayan farfajiya daga gabas zuwa yamma, don alƙibla a can yamma take, da bishiyoyi da ƙofofin katako, har a isa zauren salla mai ɗaukar kimanin mutum 1,000, wanda aka sassaƙa Alƙur'ani a allunan bangonsa. Masu yawon kallo suna biyan kuɗi kuma ba sa shiga zauren. Musulmi ya yi sallama a ƙofa ya wuce. Hanafawa ne, don haka la'asar ɗinsu tana jinkiri fiye da yadda muka saba, a duba allon lokuta kafin a fita.

Bayan salla sai yangrou paomo, kuma shi ne ya fi komai a yinin nan. A bar titin Beiyuanmen mai fitilu da hayaniya, a kutsa Dapiyuan ko Beiguangji, inda kuɗin ya fi sauƙi, romon ya fi kyau. Za a tambaye ka nama, na rago ko na sa, da yawan gurasa. Biyu sun ishi babban mutum. Sai a ba ka kwano da gurasar ka zauna ka marmasa da hannunka. Gurasar da gangan ba a gasa ta ta nuna sarai ba, don a romo za ta ƙarasa. A raba ta biyu, a sake tsaga kowane ɓari ta kaurinsa, sannan a dinga tsinka da farce kamar ƙwayar waken suya. Yana cin minti goma sha biyar zuwa ashirin. In gutsattsarin sun yi girma, wajensu ya jiƙe cikinsu ya zauna ɗanye. In aka karɓi wanda inji ya yanka, gefensa sumul ne, ba ya shan romo kamar na hannu. Ana maƙala lamba a kwanonka, a ba ka irinta, mai girki ya dafa naka shi kaɗai da romon ƙashi da yankan nama da siririyar taliya mai sheƙi.

Akwai yadda ake so: gan pao kusan ba romo, kou tang ɗan romon da ba ya wuce kurɓi ɗaya a ƙarshe, shui wei cheng kuwa romo ya kewaye gurasar. Kou tang ya fi dacewa da sabon shiga. Ba a juya shi. Daga gefen kwano ake ci a hankali, in an juya sai ya dame ya huce. Tafarnuwar da aka jiƙa a sukari da ruwan tsami da ake kawowa tare ita ke yanke maiƙon, a ci ɗaya bayan 'yan lomomi. Barkonon kuwa a ɗora kaɗan a inda za a ci kawai. Farashi yakan kama tsakanin yuan 30 da 50. Wanda romon ya yi wa nauyi ya nemi xiaochao, wanda ake soyawa da tsami da yaji.

Da yamma ta yi a hau ganuwar birni ta ƙofar kudu, Yongningmen. Ta zamanin Ming ce, tsayinta mita 12, kewayenta kusan kilomita 14, ana hayar keke a sama. Daɓen tubalin ba shi da santsi, zagaye guda yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba inuwa, don haka a Yuli a jira rana ta yi sanyi. Sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang suna Lintong, kimanin kilomita 40 gabas da gari. Zuwa da dawowa da kallo rabin yini ne, a ba su ranarsu daban.

Bayan magariba a koma unguwar ta titin Xiyangshi don abin taɓa-ka-lashe. Liangpi taliya ce mai sanyi da miyar riɗi. Shizi bing waina ce da ake soyawa da garin alkama da wani ɗan itace dangin kanya, a ci da zafi amma a kula da cikinta, yana ƙona baki. Guantang bao ƙullin fulawa ne da nama da romo a ciki: a huda gefe, a tsotse romon, sannan a ci. Ruwan rumman a sa a matse a gabanka, kuma kaka ce lokacinsa. Tsire kuwa a tambayi kuɗin tsinke ɗaya kafin a ce a gasa, a kuma faɗi adadin da yatsu, don manyan tsinkayen reshen itace da ake jerawa a Beiyuanmen sun ninka ƙananan na ƙarfe da ke cikin lunguna sau da yawa.