Gita mai tsirkiya 12 bayan hunturu biyu a Damagaram

Gita mai tsirkiya 12 ta farko da na saya ko hunturu ɗaya ba ta ƙetare ba. Araha ce ta ja ni, kuma a shagon da na gwada ta muryarta ta yi mini daɗi. Wata uku da kawo ta gida a unguwar Birni, jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin ya fara ɗagowa daga katakon, har ina iya zura takarda a ƙarƙashinsa, wuyan kuma ya lanƙwashe. Daga baya na fahimci cewa jan tsirkiya 12 ya fi na shida nesa ba kusa ba, kuma idan busasshiyar iskar Zinder ta haɗu da wannan jan, gam mai rauni ba ya jurewa.

A karo na biyu ƙira na fara dubawa kafin murya. Na zaɓi Yamaha FG820-12, wadda take cikin masu sauƙin kuɗi na kamfanin, wani abokina ya taho mini da ita daga Kano. Fuskarta katakon spruce ne na gaske, ba falle-fallen da aka manne ba, baya da gefuna kuma na mahogani ne. Akwai ƙarfe a cikin wuyanta da ake juyawa a miƙar da shi, kuma sau ɗaya kawai na taɓa shi, a tsakiyar hunturun farko.

Muryarta ce ta sa ban yi nadamar kuɗina ba. Tsirkiyoyin bibbiyu suke tafiya. Huɗu masu kauri kowace tana da siririyar abokiya mai amo iri ɗaya amma a sama, biyun ƙarshe kuwa muryarsu ɗaya da abokansu, saboda haka bugu guda yana fita tamkar mutum biyu ne suke kiɗa. Kawuna, wanda ya tsufa da gurmi a hannu, ya ji ni daga zaure ya ce, "Ɗana, kai da wa ke kaɗawa a ciki?"

Sai dai kowace gita irin wannan tana son haƙuri. Saitinta yana cin lokaci, yatsu suna ciwo a makonnin farko, kuma siririyar tsirkiyar sol, wato abokiyar tsirkiya ta uku daga ƙasa, ita ce takan riga tsinkewa, shi ya sa nake ajiye cikakken jerin tsirkiyoyi na biyu. Nakan sassauta tsirkiyoyin da cikakken mataki ɗaya domin wuyan ya huta, in ɗaura kapo, wato maƙallin da ke danne tsirkiyoyin a wuya, a gaɓa ta biyu don muryar ta koma daidai. Daga Nuwamba har zafin bazara ya wuce, jiƙaƙƙen soso yana kwana cikin jakarta, a leda mai ƴan huji, kuma har yau takarda ba ta shiga ƙarƙashin jakin.