Ingila ko Saudiyya: amsa ga ƙaninmu likita

Dakta, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na sauka daga aiki don in amsa a tsanake. Ka ce ka gama karatun likita a gida, ka yi shekarar koyon aiki da bautar ƙasa, yau shekara biyu kana babban asibitin jiha, ga mata ga yara biyu, kuma kana so ka san inda ya fi dacewa ka nufa tsakanin Ingila da Saudiyya.

Ƙasashen nan biyu ba irin likita ɗaya suke nema ba. Ingila wuri ne na wanda yake son ya shiga horo ya ƙware, idan ya iya jure dogon layi. Saudiyya kuwa ta wanda ya riga ya ƙware ce, ya je ya yi aiki ya tara abin da zai tara. Kai kuma a yanzu ba ka fara horon ƙwarewa ba, don haka da wannan ma'aunin za ka auna duk abin da zan faɗa.

Ƙofar Ingila ita ce rajista da hukumar likitocinsu, GMC. Kafin komai sai jarrabawar Turanci: ko IELTS da maki 7.5 a jimlace, ba tare da wani sashe ya gaza 7 ba, ko kuma OET da sakamakon B a kowane sashe. Kada ka raina wannan matakin don ka yi karatu da Turanci tun firamare, sashen rubutu ya sha kayar da gwanayen likitoci. Daga nan sai PLAB, jarrabawar da GMC ke auna likitocin da suka yi karatu a waje da ita. Kashi biyu ce: ta ɗaya, tambaya 180 cikin awa uku, ana yin ta a Abuja da Legas. Ta biyun kuwa sai ka je Manchesta da kanka, da bizarka da kuɗin jirgi da na masauki. Ɗaki 16 ne, kowanne minti takwas. Ka shiga ka tarar da mutum zaune a matsayin majinyaci, wai an ce yana da ciwon daji kuma kai za ka faɗa masa. Ba ilimin littafi kaɗai ake dubawa a nan ba. Ana kallon ko ka gabatar da kanka, ko ka nemi izini kafin ka taɓa shi, ko ka yi shiru ka bar shi ya gama magana. Mu da muka saba ganin mutum sittin kafin azahar, wannan sai mun sake koyo.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ka ci. Da can rajista na fitowa aiki na biyo baya. Yanzu likitocin da suka ci PLAB sun yi wa guraben ƙananan likitoci yawa, akwai masu rajista a hannu da suke shafe watanni suna cike takardun neman aiki a NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatinsu, ba a kira su ba, wasu har su je su yi zaman kallon aiki a asibiti ba albashi don dai a ce sun san tsarin. A 2025 kuma gwamnatinsu ta bayyana cewa za ta fifita waɗanda suka yi karatu a can wajen raba guraben horo. Ka kuma sani Najeriya tana cikin ƙasashen da aka hana NHS zuwa ɗibar ma'aikatan lafiya, saboda ƙarancinsu a gida. Ba a hana ka nema da kanka ba, amma duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi yana da gurbi a hannu, ka guje shi.

Idan Allah ya sa ka shiga, alherin a fili yake: horo mai tsari, takardar ƙwarewar da ake girmamawa ko'ina har a Saudiyyar, makarantar gwamnati kyauta ga yara, da hanyar samun zaman dindindin. Sai dai albashin da kake gani a takarda ba shi ne zai shigo hannunka ba. Haraji kashi 20 cikin ɗari ne, ya koma 40 a kan abin da ya haura fam 50,270 a shekara, ga kuɗin fansho, ga haya mai tsada. Su kansu ƙananan likitocin can a Maris 2023 suka fara jerin yajin aiki a kan albashi.

Saudiyya hanyarta ta fi gajarta. Kamfanin DataFlow zai tantance takardunka daga jami'arka da hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, MDCN, da inda ka yi aiki, ka zauna jarrabawa a kwamfuta a cibiyar Prometric, sannan hukumarsu ta rajistar ma'aikatan lafiya, SCFHS, ta ajiye ka a matakin da ta ga takardunka sun kai. Wannan ajiyewar ita ce komai, domin da ita ake yanka albashi. Wanda ya zo da shaidar ƙwarewa ta kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma daban, wanda ya zo da digirin farko kawai daban. Ka tuna lokacin yajin aikin NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Najeriya, a Agusta 2021, da likitoci suka cika wani otal a Abuja don ganawar ɗaukar aiki a Saudiyya? Ƙwararru aka fi zuwa nema.

Babu haraji a kan albashi, riyal kuma a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan kowace dala ɗaya, don haka abin da ka tara ba ya narkewa. Galibi akwai kuɗin gida da tikitin hutun shekara, da sallamar ƙarshen aiki. Ga kiran salla a kunnenka, ga nama ba ka tambayar yadda aka yanka, ga Umra a hutun ƙarshen mako idan kana kusa. Na ce idan kana kusa ne domin ba kowa ake kaiwa Makka ko Madina ko Jidda ba. Ana iya tura ka ƙaramin asibiti a yankin Jazan ko Najran ko Tabuk, inda tsohuwa za ta dafe ciki ta yi maka bayani da Larabcin ƙauyensu, wanda bai yi kama da na Islamiyya ba, kai kuma kana waige-waigen wanda zai fassara. Rubutun fayil da Turanci ne, amma majinyaci da Larabci zai yi maka magana.

Abin da ya fi damuna da Saudiyya ga mai shekarunka shi ne tsayawa wuri ɗaya. Guraben horon ƙwarewa na 'yan ƙasa ne kusan duka. Ka shiga a ƙaramin likita, bayan shekara goma kana nan a ƙaramin likita, abokan karatunka na gida sun zama manya a fannoninsu. Igamarka, wato takardar izinin zamanka, a ɗaure take da wurin aikinka, kwantiragi ana sabunta shi ne lokaci-lokaci, ranar da aka sami ɗan ƙasa da zai riƙe kujerar ana iya ce maka an gode. Yaran da ka haifa a can ba za su zama 'yan ƙasa ba komai daɗewarku.

Ka zauna da uwargida kafin ka biya kuɗin kowace jarrabawa. A Ingila za ta iya aiki da bizar da ta bi ka da ita, amma tarbiyyar yara da karatun Alƙur'ani kacokan a wuyanku suke, kuma renon yara a can kuɗi ne mai yawa. A Saudiyya wannan ya zo da sauƙi, sai dai makarantar da ake koyarwa da Turanci ta kuɗi ce, ka tabbata ka karanta abin da kwantiragi ya ce a kanta da kuma batun ɗauko iyali.

Da ni ne kai, ba zan tafi Saudiyya da digirin farko kawai ba. Zan zauna jarrabawar shiga horon ƙwarewa a gida in nemi gurbi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, in kuma Ingila ce a zuciyata, in riƙa karatun IELTS a gefe ba tare da na ajiye aikina ba. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai takardar ɗauka ta zo hannunka. Faɗa mana fannin da kake son ƙwarewa a kai, domin hanyar mai son tiyata daban take da ta mai son likitan iyali ko na ƙwaƙwalwa, sai mu ɗora daga nan.